Kunne da Koriyar Motar Hedimasta

A wace rana ce ɓoye lalura yake tashi daga rufin asiri ya koma ha'inci? Ranar da mutum ya fara ɓoyewa, ko ranar da wani ya fara cutuwa? To idan ba wanda ya cutu fa? Tun watan jiya nake juya tambayar nan, lokacin da makanikin da ake kira Kunne ya rufe garejinsa bayan shekara arba'in da ɗaya yana aiki, kuma har yau ban samo amsar da zan tsaya a kanta ba. Abin da na samo shi ne labarin mutumin, kuma ya cancanci a ji shi tun yana raye.

Kafin rana ta ɗaga yake zuwa, kuma ba da mota yake farawa ba. Tsintsiya yake ɗauka ya share garejin tas, har ƙarƙashin benci, don a wurinsa ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da mota a tsakiyar titi. Daga nan sai ya wanke hannu. Sauran makanikai in sun tashi daga aiki suke wanke hannu, shi kuwa kafin ya fara. Sai ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan tebur, ya ajiye tiren ƙwai na kwali a gefe, ya zaro siririyar sukudirebarsa daga aljihun gaba. Mariƙinta na katako ne, ya lotsa daidai inda babban yatsansa yake zama.

Aikinsa ɗaya ne tak: kafireta. Ita ce 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke zaune a kan injin tsofaffin motoci, tana gauraya fetur da iska kafin injin ya shaƙa. Motocin yanzu ba su da ita, na'ura ce take yi musu awo. Amma tsofaffin da suka rage, masu zagayayyun fitilu da bamba mai walƙiya, da ita suke numfashi. Mai ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi ta shanye tanki. Iska ta yi yawa, ta yi tari ta mutu a mararraba. Tsakanin biyun akwai wani wuri siriri wanda bai wuce kwatar juyin sukuru ba, kuma wurin nan Kunne ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana nema.

In ya kwance kafireta, kowane ɗan ƙarfe da raminsa a tiren ƙwai, daga hagu zuwa dama. In zai mayar, daga dama zuwa hagu. Ba a taɓa jin ya gama aiki ya tarar da ragowar noti a kan tebur ba. Amma ba wannan ya ba shi suna ba. Saitin ne. Ba ya amfani da agogon awo. Sai ya tayar da mota, ya bar ta ta yi zafi, ya sunkuya, ya rufe ido, ya karkata kai, sukudireba tana motsi a hannunsa kamar ba ta motsi. Tun daga bakin titi yakan ji mota ya ce, “Wannan mai shigowa iska take sha ta ƙasa.” A buɗe a duba, haka ne. Shi ya sa sunansa na gaskiya ya ɓace a layin makanikai, aka bar shi da Kunne.

Doka ɗaya gare shi. A ƙasan garejin ya ja layi da fenti rawaya, taku uku daga inda mota take tsayawa, bayan layin kuma ga benci. In ana saiti, mai mota ba ya tsallake layin nan, ko wane ne. Ya ce mai mota in ya tsaya a kanka, numfashinsa ma surutu ne. Mai walda, maƙwabcinsa na shekara ashirin da shida, wanda katangar langa-langa ce kawai ta raba su, ya ba ni labarin wani babban mutum da ya taɓa tsallakowa ya leƙa cikin bonet. Kunne ya kashe motar, ya naɗe hannu.

“Ka san ko ni wane ne?” in ji mutumin.

“Na sani, ranka ya daɗe. Motar ce ba ta sani ba.”

Mutumin ya koma benci.

Akwai direban tasi da aka ce wa injinsa ya mutu, sai an sauke shi gaba ɗaya. Kunne ya saurari motar minti ɗaya, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai rami kamar na allura, inda mai yake bi, ya ɗaga shi saitin rana, ya hura. Ɓurɓushin tsatsa ya faɗo. Ya sa wa direban a tafin hannu ya ce, “Ga injin naka da ya mutu.” Akwai kuma wanda ya zo yana so a buɗe masa mai motarsa ta riƙa ruri, a ji shigowarsa unguwa. Kunne ya nuna masa katanga: “In ruri kake so, ga mai walda nan, ya huda maka salansa. Ni ba na koya wa mota ƙarya.”

Kai ne wannan, Kunne. Mai jin tarin inji kafin mai motar ya ji. Kai ne wanda mutane suka riƙa kawo wa motocin iyayensu suna rufe ido, don sun san abin da ka ce ya lalace shi ne ya lalace.

To, sai kunnen ya fara tafiya.

Mai walda ne ya fara lura. Ya kira shi ta hagu sau uku, shiru. Ya zagayo ta dama, sai ya amsa. Ba dukan jin ne ya tafi ba. Gurnanin inji yana nan, yana jin sa har a ƙirji. Siraran sautuka ne suka janye: kukan tsuntsaye a kan waya, ƙarar butar shayi, da wanda ya fi komai muhimmanci a sana'arsa, wato siririn fiton da iska take yi in ta sami ɓarauniyar hanya ta shiga inji.

“Tsoho, je ka a duba maka kunnen nan,” in ji mai walda wata rana.

“Kunnena lafiya lau. Muryarka ce ba ta da abin ji.”

“Na kira ka sau uku fa.”

“In ma ya taɓu, injin gugar ƙarfenka ne ya cinye shi. Shekara ashirin da shida kana yi mini kururuwa a ka, yanzu ka zo kana tausayi.”

Bai je ba. Dabaru ya nemo. Ya riƙa ɗora tafin hannu a jikin mota yana jin rawar injin. Ya riƙa dafa bakin sukudireba a kan ƙarfe, ya manna mariƙin a ƙashin haɓarsa, sautin ya bi ta ƙashi ya iso. Ya riƙa ajiye kofin ruwa a kan inji yana kallon yadda ruwan yake karkarwa. Ya shinshina hayaƙi, ya duba launin fulogi. Mutane suka gani suka ce Kunne ya ƙara ƙwarewa, yanzu har da haɓa yake ji. Shekara guda aka yi a haka, kuma a shekarar nan babu mota ɗaya da ta dawo da ƙorafi. Nan ne tambayata take maƙalewa. Sun zo ne don kunnensa, ya ba su aikin hannu da hanci da ido, aikin kuma ya yi. Ya cuce su? Ban sani ba. Shi dai ya san wata rana motar da dabarun nan ba za su isa ba tana zuwa.

Koriya ce motar. Ta wani tsohon shugaban makaranta ce, wanda har yanzu kowa yake kira Hedimasta duk da ya daɗe da ajiye aiki. Ya saye ta tun kafin a haifi 'yarsa, kuma tun ranar Kunne ne yake taɓa kafiretarta. Shekara shida da suka wuce idon Hedimasta ya rufe. Tun daga nan 'yar ce take ja. Duk ƙarshen mako takan zaunar da shi a kujerar gaba su zagaya gari ba inda za su, shi dai ya jingina kai yana sauraron injin.

'Yar ce kaɗai ta zo da motar wata safiya, fuskarta ba daɗi. Ta ce warin fetur ya cika motar, jiya kuma ta ga hayaƙi yana fitowa ta gefen bonet. Kunne ya duba. Gindin kafiretar ya tsage, tsaga siririya kamar gashi, fetur yana ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi. Sandar totur kuma ta cinye ramin da take juyawa a ciki.

“Sau uku ina yi mata faci,” ya ce. “Na huɗun ganganci ne. Sai an canza, 'yata. Wannan wuta ce take jiran rana.”

“Baba ba zai yarda ba, Kawu. Ka san shi da motar nan.” Ta rage murya. “Ka canza kawai, ka saita ta ta yi kuka irin na da. Sai mu ce masa wanke ta ka yi. Ai ba gani yake yi ba.”

Kunne ya goge hannu a hankali.

“Shi ya sa ba zan yi ba. Mai ido in na yi masa ƙarya, zai iya buɗe bonet ya kama ni. Shi da me zai duba? Kawo shi gobe in faɗa masa da bakina.”

Mai walda yana jin su ta bayan langa-langa. Ya ce mini sai da ya ajiye abin da ke hannunsa, don ya san abin da mai maganar yake ɓoyewa a kansa. Ina jin shi ma Kunne ya ji nauyin maganar bayan ta fita.

Washegari ta kawo mahaifinta a tasi, ta zaunar da shi a benci. Dogo ne, siriri, rigarsa a goge, sanda a tsakanin gwiwoyi. Kunne ya tsuguna a gabansa ya yi masa bayani, bai rage komai ba. Hedimasta ya ɗago kai.

“Kunne, ban san yadda fuskar 'yata ta koma ba a shekara shidan nan. Gidana da ƙirgen taku nake yawo a cikinsa. Motar nan ce kaɗai ba ta canza mini ba, don da ma da kunne na san ta. Yanzu ka ce za ka cire mata maƙogwaro.”

“Wuta ce, ranka ya daɗe.”

“Na ji. Cire. Ba zan sa yarinyar nan cikin wuta don son raina ba. Amma in kun gama ku ba wanda kuka ga dama. Ni dai ba zan sake shiga ba.”

“Haba Baba...”

“Na gama magana. Zan zauna nan in ji yadda za a yi mata.”

A saman kanta Kunne yana da wata kafireta irinta sak, ba a taɓa ɗaura ta ba, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ya daɗe da ajiye ta saboda irin wannan rana. Ya cire kan batir tukuna. Ya sauke murfin iska. Kowane tiyo da ya zare sai ya ɗaura masa zare mai launi dabam don kada su rikice. Ya kwance bututun mai, ya saki wayar cok mai rage iska da sandar totur, ya warware notuna huɗu, ya ɗago tsohuwar da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Nan take ya cusa tsumma mai tsabta a bakin injin don kada wani abu ya faɗa. Ya kankare tsohon gaskit, takardar da ke toshe mahaɗar, har ƙarfen ya yi sumul, ya shimfiɗa sabo, ya zaunar da sabuwar. Notunan kuwa bai bi su a jere ba: wannan kusurwa, sai ta can, kaɗan-kaɗan, don kada gindin ya karkace. Ya murɗa sukurun mai har ya zauna a hankali, ya dawo da shi juyi ɗaya da rabi. Ya mayar da komai.

Bugu biyu ta tashi. Amma da ta yi zafi, silo ya ƙi zama, wato kukan da inji yake yi shi kaɗai ba a taka totur ba. Ta hau, ta sauka, ta yi kamar za ta mutu, ta farfaɗo. Ruwan kofi yana ta tsalle. Ya juya sukuru ciki, ba ta amsa ba. Ya juya waje, da ƙyar. Ya san alamar, iska ce take shiga ta inda bai kamata ba. Ya shafa ɗan fetur da buroshi a kewayen gindin kafiretar ko kukan zai canza. Bai canza ba. Ya manna sukudireba a haɓa, gurnani kawai yake ji. A da, daƙiƙa biyar ta ishe shi.

“Tana fito,” in ji Hedimasta daga benci.

“Babu fito, ranka ya daɗe. Sabon abu ne, bai zauna ba.”

“Na ce maka tana fito. Siriri, kamar yaro a bayan aji. Kawo ni kusa in nuna maka.” Ya miƙe, ya fara laluben ƙasa da sanda.

“Layi, ranka ya daɗe.”

“Ni ba na ganin layinka.”

“Shi yana ganinka. Shekara arba'in ba wanda na yarda ya tsallake shi. A yi haƙuri a zauna.”

Hedimasta ya koma ya zauna.

Akwai wata hanya, kuma duk makanike ya san ta. In ka kasa gano inda iska take shiga, sai ka buɗe mai ya yi yawa ya rufe ta, ka ɗaga silo kaɗan. Rawar sai ta lafa. Kunne ya yi haka. Juyi ɗaya, juyi biyu. Ruwan kofi ya kwanta.

“Ta yi, Kawu!” in ji 'yar, tana murmushi.

Ya tsaya yana kallon ruwan. Ba wanda zai kama shi. Mako uku ko huɗu motar za ta yi lafiya lau. Daga nan fulogi su yi baƙi, wata rana ta ɗauke a tsakiyar mararraba, manyan motoci suna tahowa, yarinyar nan tana murɗa makulli. Ko a lokacin ma cewa za a yi tsufan mota ne. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

“Ba ta yi ba. Ku dawo gobe.”

Ranar da wuri ya koma gida, rana ba ta ko faɗi ba. Matarsa ce ta ba ni wannan ɓangaren, tana dariya tana share ido. Tana ninke wanki a tsakar gida ya shigo ya zauna a kan kujera bai cire takalmi ba. Ta tambaye shi lafiya, shiru. Ta zagayo ta damarsa ta sake tambaya.

“Wata mota ce ta gagare ni.”

“Motar ce ta gagare ka, ko kunnen?”

Ya ɗago ya dube ta.

“Malam, shekara guda ke nan in zan yi maka magana sai na zagayo ta dama. Kana tsammani wannan gefen naka ya fi kyau ne?”

“Ashe kin sani.”

“Ni, da mai walda, da mai kawo mana gas. Kyanwar gidan nan ma ta sani, ta daina yi maka kuka, taɓa ka take yi da hannu.”

Bai yi dariya ba. “In na faɗa, wa zai kawo mota wurin kurma? Sunan ma fa Kunne.”

“To ka zauna da sunan. Ita yarinyar ta tafi da motar.” Ta ɗauki kwandon wankinta ta shige ɗaki.

Da safe ya share garejin, ya wanke hannu, ya shimfiɗa ƙyalle. Abin da ya fara yi shi ne mayar da sukurun mai inda yake, juyi ɗaya da rabi. Da Hedimasta da 'yarsa suka iso, ya je ya tsuguna a gaban benci. Bai rage murya ba.

“Ranka ya daɗe, jiya na yi maka ƙarya. Na ce maka babu fito. Gaskiyar magana ban san ko akwai ko babu ba. Ba na ji.”

Injin gugar mai walda ya tsaya cak a bayan langa-langa.

“Tun yaushe?” in ji Hedimasta.

“Shekara guda.”

“Ɗan ƙarami ne kai. Ni shekara biyu na yi ina riƙe jarida a gaban mutane, ina faɗin abin da na ji a rediyo. Ranar da yarinyar nan ta ce mini, Baba, a juye ka riƙe ta, ranar na sallama.” Ya miƙa hannu cikin iska. “To me kake jira?”

Kunne ya kama hannun ya tashe shi. Taku ɗaya, biyu, uku.

“Ga layin nan, ranka ya daɗe.”

“Fenti ne ko katanga?”

“Fenti ne.”

“To mu wuce mana.”

Suka wuce. Kunne ya tayar da motar, ya yanko dogon tiyo, ya sa wa Hedimasta baki ɗaya a kunne, shi ya riƙe ɗayan yana bin jikin injin da shi a hankali.

“Ba nan ba. Hagu. Ƙasa kaɗan. Ka wuce, koma baya. Baya kuma. Tsaya! Ga ɗan banzan nan.”

Can bayan kafiretar ne, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wani ɗan tsohon tiyo da ya bushe kamar kara, ya tsage ta ciki. Kunne ya zaro shi ya juya a hannu. Zarensa mai launi yana ɗaure a jiki.

“Ni na fasa shi jiya wurin cirewa,” ya ce. Ba wanda ya tambaye shi.

Ya sa sabo. Nan take kukan motar ya sauka ya daidaita, har 'yar ta dafe ƙirji. Sai aka shiga saiti, hannun ɗaya da kunnen ɗaya. Kunne ya juya kwata, ya dubi bakin Hedimasta.

“Ta yi sauri.” Ya rage. “Yanzu tana haki.” Ya buɗe kaɗan. “Ƙara. Ƙara. A'a, ka zarce, dawo.” Mai walda ya leƙo ta saman katanga, gilashinsa a goshi.

Can Hedimasta ya ɗaga hannu. “Saura abu ɗaya. Tsohuwar tana da wani ɗan ɗingishi. Ta yi uku daidai, na huɗun ta ɗan tsallake. Mayar mata da shi.”

Kunne ya zare sukudirebar daga kan sukurun.

“Wannan ciwonta ne, ranka ya daɗe, ba muryarta ba. Sandar totur ce da ta cinye. Zan iya kwaikwayonsa, amma ba zan yi ba.”

Hedimasta ya ɓata fuska kamar zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya lalubo jikin motar ya ɗora hannu, kusa da na Kunne, ya sunkuyar da kai. Injin yana ta bugawa, sannu, daidai, ba gaggawa. Sun fi minti biyu a haka.

“Haka take kuka ranar da na kawo ta gida,” ya ce a hankali. “Mahaifiyarki tana tsaye a ƙofa. Wallahi na manta.”

Kunne, kai ba ka ji wannan kukan ba. Ta tafin hannu kawai ya iso maka. Saitin da ya fi kowanne kyau a rayuwarka, in ji mai walda, kuma kai kaɗai ne a garejin ba ka ji shi ba. A cikin makon ne ka kira masu motocinka ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu abin da ka faɗa wa Hedimasta, ka gama ayyukan da ke hannunka, ka naɗe farin ƙyallenka. Wasu sun roƙe ka ka ci gaba da dabarunka, ka ce dabara ta kai ka inda za ta kai ka.

Har yanzu ban san ko shekarar nan da ka yi shiru ha'inci ce ko rufin asiri ba. Amma na san ranar da za ta zama ha'inci ƙarara, kai da kanka ka gane ta, sukudireba tana hannunka, an riga an ce maka ta yi, ka ce ba ta yi ba. Mun gode maka da shekara arba'in da ɗaya na tsabtar hannu. Mun fi gode maka da safiya ɗayan nan. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin mutunci.

Mu kuma da muka rage a kan sana'o'inmu, tela da idonsa ya fara hazo, direba da hannunsa ya fara rawa, malami da ƙwaƙwalwa ta fara zamewa, kowa yana da sukurun da zai buɗe ya rufe rauninsa, ba wanda zai kama shi. In ranar ta zo, a tuna da mutumin nan tsugune a gaban benci, a faɗa da baki, a nemi hannun wanda yake da abin da aka rasa.

A safiyar nan, bayan an rufe bonet, 'yar ta shiga ta zauna a mazaunin direba. Motar tana silo. Mahaifinta yana tsaye da sandarsa inda aka bar shi.

“Baba, in kira maka tasi?”

Ya bi jikin motar da hannu, daga kan fitila, ya wuce madubi, har yatsunsa suka sami mariƙin ƙofa. Ya buɗe, ya miƙa wa Kunne sandar ya riƙe masa, ya sunkuya ya shiga, ya karɓi abarsa, ya jawo ƙofar ta rufe. Ya jingina kai a inda ya saba.

“Me kike jira? Ja mu je. Kada ki kunna rediyo.”